Moncef Marzouki: Likitan Tunisiya Da Ya Bar Ƙasarsa Sau Uku Saboda Siyasa

Dakta Moncef Marzouki likita ne, marubuci kuma mai fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam, wanda ya shugabanci ƙasar Tunisiya daga watan Disambar 2011 zuwa ƙarshen shekarar 2014. A yau yana zaune a ƙasar Faransa, kuma kotunan ƙasarsa sun yanke masa hukuncin ɗauri har sau uku a bayan idonsa, na baya-bayan nan shi ne na shekara 22 da aka yanke a watan Yunin 2025.

Masu fafutuka na ƙasashen Larabawa da suka ƙare a gudun hijira suna da yawa, amma labarin Marzouki ya fita daban, domin shi ya dawo daga hijirar, ya hau kujerar mutumin da ya kore shi, ya faɗi zaɓe ya miƙa mulki, sannan ya sake komawa inda ya fito. Aƙida ɗaya ce ta bi shi a duk waɗannan matakai: cewa haƙƙin ɗan Adam na kowa ne, har da wanda ba ka yarda da ra'ayinsa ba. Ita ta jawo masa kurkuku, ita ta kai shi fadar shugaban ƙasa, a kanta kuma masu sukarsa suka fi auna shi.

Asalinsa da hijirar farko

An haifi Muhammad Munsif al-Marzuƙi, kamar yadda ake kiran sunansa da Larabci, ranar 7 ga watan Yulin 1945 a garin Grombalia da ke arewa maso gabashin Tunisiya, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin ikon Faransa. Zuriyarsu daga yankin Douz take, a kudancin ƙasar, a bakin Sahara. Wannan asali yana da muhimmanci a siyasar Tunisiya, domin mutanen kudu da na tsakiyar ƙasar sun daɗe suna kukan cewa biranen gaɓar teku ne ke cin moriyar mulki da dukiya.

Mahaifinsa alƙali ne, kuma ɗan gwagwarmayar neman 'yanci. Sa'ad da jam'iyyar masu neman 'yancin ta dare gida biyu a tsakiyar shekarun 1950, ya bi ɓangaren Salah Ben Youssef, wanda ya yi adawa da yarjejeniyar da Habib Bourguiba ya ƙulla da Faransa. Bourguiba ne ya yi rinjaye. Tunisiya ta sami 'yancin kai ranar 20 ga Maris 1956, aka shiga farautar magoya bayan Ben Youssef, shi kansa kuma aka kashe shi a birnin Frankfurt na Jamus a 1961. Mahaifin Marzouki ya tsere zuwa Maroko, a can ya zauna har ya rasu.

Yaron ya yi karatu a Kwalejin Sadiki da ke birnin Tunis, makarantar da ta yaye yawancin manyan ƙasar, kafin ya bi mahaifinsa Maroko a 1961, inda ya kammala sakandare a birnin Tanja. Wannan ita ce fitarsa ta farko, ba shi ya zaɓe ta ba, gadonta ya yi. Daga nan ya wuce Jami'ar Strasbourg a Faransa ya karanci aikin likita, ya sami digirinsa a 1973, sannan ya ƙware a fannin cututtukan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa da kuma kiwon lafiyar al'umma. Tun yana ɗalibi yake sha'awar salon gwagwarmayar Mahatma Gandhi ta ƙin ɗaukar makami, har ya ziyarci Indiya.

Daga asibiti zuwa fafutuka

A 1979 ya koma gida. Ya zama malamin kiwon lafiyar al'umma a tsangayar koyon aikin likita da ke birnin Sousse, ya kuma jagoranci wani shiri na kai kulawa unguwannin marasa galihu, inda aka fi mayar da hankali kan lafiyar mata da ƙananan yara, musamman masu buƙata ta musamman. Aikin ya haɗa shi da talakawa kai tsaye, ya kuma nuna masa yadda talauci da rashin 'yancin yin magana suke tafiya tare.

A farkon shekarun 1980 ya shiga Ƙungiyar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Tunisiya, wadda aka fi sani da LTDH. Gwamnati ta amince da ita a 1977, kuma ana ɗaukarta a matsayin irinta ta farko a Afirka da ƙasashen Larabawa. A 1989 aka zaɓe shi shugabanta.

Lokacin ya zo daidai da sauyin gwamnati. Ranar 7 ga Nuwamban 1987 Firaminista Zine El Abidine Ben Ali ya kawar da Bourguiba, bayan da wasu likitoci suka sa hannu a takardar da ta ce tsufa da rashin lafiya sun hana shi iya mulki. Ben Ali ya fara da alkawuran buɗe fagen siyasa, ya saki fursunoni, jama'a suka yi ta murna. Murnar ba ta daɗe ba. Bayan da 'yan takarar da ƙungiyar Ennahda mai ra'ayin Islama ke goyon baya suka nuna ƙarfi a zaɓen 1989, gwamnati ta juya kansu. A 1991 da 1992 an kama dubban mutane, an gurfanar da wasu a kotunan soja, ƙungiyoyin kare haƙƙi na duniya kuma suka tattara bayanan azabtarwa da mutuwar mutane a hannun jami'an tsaro.

A nan ne Marzouki ya ɗauki matsayin da ya zama alamarsa. Shi ba ɗan Ennahda ba ne, mutum ne mai ra'ayin raba siyasa da ikon malaman addini, kuma da yawa daga cikin 'yan boko masu irin ra'ayinsa sun zaɓi su yi shiru, bisa tunanin cewa gara Ben Ali da masu ra'ayin Islama. Shi ya ƙi. Hujjarsa ita ce, ƙungiyar da ta kau da kai ana azabtar da wani saboda ba ta son aƙidarsa ta rasa dalilin kafa ta, kuma hannun da aka sake wa mara a kan wasu a yau, gobe zai kai ga saura. Gwamnati ta mayar da martani da sabuwar dokar ƙungiyoyi a 1992, wadda ta tilasta wa LTDH dakatar da aiki na wani lokaci. A babban taron ƙungiyar na watan Fabrairun 1994 ya rasa shugabancinta.

Takara, kurkuku da kora daga aiki

A wannan shekarar ya bayyana cewa zai tsaya takarar shugaban ƙasa. Ya san ba za a bar shi ba, domin doka ta buƙaci sa hannun 'yan majalisa ko shugabannin ƙananan hukumomi, waɗanda kusan dukkansu na jam'iyya mai mulki ne. Manufarsa ita ce ya nuna wa duniya cewa zaɓen na jeka-na-yi-ka ne. Ben Ali ya tsaya shi kaɗai a watan Maris, aka ce ya sami fiye da kashi 99 cikin 100. Kwanaki kaɗan bayan haka aka kama Marzouki, ya yi wata huɗu a tsare, sai aka sake shi bayan matsin lamba daga ƙetare, wanda aka ruwaito cewa har da sa bakin Nelson Mandela.

Shekarun da suka biyo baya na takura ne. An ƙwace masa fasfo, an sa 'yan sandan ciki suna bin sa, an katse masa wayar tarho. Duk da haka ya jagoranci Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Larabawa, wadda ke da mazauni a Paris, sannan ranar 10 ga Disambar 1998 shi da wasu 'yan gwagwarmaya, ciki har da 'yar jarida Sihem Bensedrine, suka kafa Majalisar Kare 'Yanci ta Ƙasa, CNLT, ya zama kakakinta na farko. Gwamnati ta ƙi yi mata rajista. A shekarar 2000 aka kore shi daga jami'a, a ƙarshen shekarar kuma kotu ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya bisa zargin kasancewa cikin haramtacciyar ƙungiya da yaɗa labaran ƙarya.

Ranar 25 ga Yulin 2001 ya kafa jam'iyyar CPR, wadda ta tara mutane masu ra'ayoyi mabambanta da suka haɗu a kan buƙatar kawo ƙarshen mulkin mutum ɗaya. Ita ma aka haramta ta. Ba aiki, ba damar yin magana, sai ya tafi Faransa a ƙarshen shekarar, inda ya sami gurbin koyarwa a wata tsangayar aikin likita a wajen birnin Paris.

Shekara tara a Paris

Zaman hijira yakan kashe tasirin ɗan adawa, domin yana raba shi da mutanen da yake magana a madadinsu. Abubuwa biyu ne suka hana hakan faruwa ga Marzouki.

Na farko shi ne tashoshin talabijin na tauraron ɗan Adam. Abin da jaridun Tunisiya ba su isa su buga ba, sai ya riƙa faɗar sa a tashar Al Jazeera, 'yan ƙasar suna kallo a ɗakunansu. A watan Oktoban 2006 ya yi kira a tashar da a bijire wa gwamnati cikin lumana. Hukumomin Tunisiya suka fusata har suka rufe ofishin jakadancinsu a Katar. Ya koma gida a watan don ya fuskanci tuhuma, amma matsin da ya tarar ya sa bayan ɗan lokaci ya sake komawa Paris. A 2009 ya wallafa littafi da Faransanci mai suna Dictateurs en sursis, inda ya yi hasashen cewa kwanakin masu mulkin kama-karya na ƙasashen Larabawa ƙidayayyu ne.

Na biyu shi ne tattaunawar da aka fara tsakanin 'yan adawa masu ra'ayin boko da shugabannin Ennahda, waɗanda jagoransu Rached Ghannouchi yake gudun hijira a Landan. Tun daga 2003 ɓangarorin suka riƙa zama suna neman matsaya guda a kan batutuwan da suka raba su: zaɓe, 'yancin addini, haƙƙin mata, da matsayin addini a tsarin gwamnati. Wasu abokan tafiyarsa na dā sun ɗauki wannan a matsayin cin amana. Amma da ranar ta zo, waɗannan zaman ne suka sa mutanen da a wasu ƙasashe da sun kama wuyan juna suka iya kafa gwamnati tare.

Juyin juya hali da fadar Carthage

Ranar 17 ga Disambar 2010 wani matashi mai tallar kayan marmari a garin Sidi Bouzid, Mohamed Bouazizi, ya cinna wa kansa wuta bayan jami'ai sun ƙwace masa kaya. Zanga-zanga ta bazu a ƙasar, ranar 14 ga Janairun 2011 Ben Ali ya tsere zuwa Saudiyya bayan shekara 23 a kan mulki. Kwana huɗu bayan haka Marzouki ya sauka a filin jirgin saman Tunis.

A zaɓen majalisar tsara kundin mulki na ranar 23 ga Oktoban 2011, Ennahda ta sami kujeru 89 cikin 217, CPR ta zo ta biyu da 29. Jam'iyyun biyu suka haɗu da ta uku, Ettakatol, suka raba manyan muƙamai: Hamadi Jebali na Ennahda ya zama firaminista, Mustapha Ben Jaafar ya shugabanci majalisa, ranar 12 ga Disamba kuma majalisar ta zaɓi Marzouki shugaban ƙasa da ƙuri'u 153. Akasarin 'yan adawa sun jefa ƙuri'ar da ba a rubuta komai a kai ba, don nuna rashin amincewa da yadda aka tattara iko a hannun firaminista.

Ya shiga fadar Carthage da salon da ba a saba gani ba. Ya ƙi ɗaura lakatayi, ya yi rantsuwar kama aiki sanye da alkyabbar gargajiya. A watan Janairun 2012 ya mayar da hukuncin kisa da aka yanke wa fursunoni 122 zuwa ɗaurin rai da rai, domin ya daɗe yana adawa da hukuncin kisa. A watan Fabrairu ya kori jakadan Siriya saboda kisan masu zanga-zanga. A zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da shawarar a kafa kotun tsarin mulki ta duniya, wadda 'yan ƙasa za su iya kai ƙarar maguɗin zaɓe ko ƙwace mulki. A 2012 cibiyar Chatham House ta Landan ta ba shi lambar yabo tare da Ghannouchi, a 2014 kuma ya rage kashi biyu cikin uku na albashinsa.

Inda aka soke shi

Mulki ya gwada shi ta hanyar da kurkuku bai yi ba. Gwaji mafi tsanani ya zo ranar 24 ga Yunin 2012, sa'ad da gwamnatin Jebali ta miƙa wa Libiya Baghdadi al-Mahmoudi, firaministan ƙarshe na zamanin Gaddafi, wanda ya tsere zuwa Tunisiya. Marzouki ya ƙi sa hannu a kan miƙa shi, yana mai cewa babu tabbacin za a yi masa shari'ar adalci, amma aka yi ba tare da shi ba. Ya yi tir da matakin, sai dai bai sauka daga kujerarsa ba. Masu suka suka ce wannan ya tabbatar da cewa shugaba ne na suna, ikon gaske yana hannun Ennahda.

A watan Nuwamban 2012 'yan sanda suka harbi masu zanga-zanga a garin Siliana da harsashin farauta, mutane da dama suka ji rauni a ido. Ranar 17 ga Disamba, da ya je Sidi Bouzid don cika shekara biyu da fara juyin, mutanen garin suka tarbe shi da ihu da jifa, suna cewa ba su ga aikin yi ba, ba su ga canji ba. A 2013 aka kashe fitattun 'yan adawa biyu, Chokri Belaid ranar 6 ga Fabrairu da Mohamed Brahmi ranar 25 ga Yuli, aka kuma zargi gwamnatin haɗakar da sakaci wajen tunkarar masu tsattsauran ra'ayi. A ƙarshen shekarar fadarsa ta fitar da wani kundi da aka kira Baƙin Littafi, mai ɗauke da sunayen 'yan jarida da wasu da aka ce sun yi wa farfagandar Ben Ali aiki. Har wasu masu kare haƙƙin ɗan Adam sun ce bai dace a tona sunayen mutane ba tare da an ba su damar kare kansu ba.

Ƙasar ta kai bakin rami a 2013, sai ƙungiyoyi huɗu na farar hula suka shiga tsakani: ƙungiyar ƙwadago, ta masu masana'antu, ta lauyoyi, da LTDH da ya taɓa shugabanta. Sulhun da suka jagoranta ya kai ga amincewa da sabon kundin tsarin mulki ranar 26 ga Janairun 2014, wanda Marzouki ya sa wa hannu washegari, ya kuma jawo wa ƙungiyoyin huɗu lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 2015. A zamaninsa ne kuma aka ƙaddamar da Hukumar Gaskiya da Mutunci a ƙarƙashin Sihem Bensedrine, wadda ta karɓi ƙorafe-ƙorafe fiye da 62,000 na cin zarafin da aka yi a gwamnatocin baya.

A zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa ranar 21 ga Disambar 2014, Beji Caid Essebsi, wanda ya yi aiki a gwamnatin Bourguiba ya kuma shugabanci majalisa a zamanin Ben Ali, ya sami kashi 55.68 cikin 100, Marzouki ya sami 44.32. Kudancin ƙasar ya zaɓe shi, arewa da gaɓar teku suka juya masa baya. Da tarzoma ta fara tashi a wasu garuruwan kudu, ya amince da sakamakon, ya nemi magoya bayansa su kwantar da hankali, ya miƙa mulki ranar 31 ga Disamba. A yankin da shugabanni suka saba barin fada ta hanyar mutuwa ko juyin mulki, wannan miƙawar tana cikin abubuwan da har abokan hamayyarsa ke yaba masa.

Hijira ta uku

Bayan barin mulki ya koma fafutuka. A watan Yunin 2015 yana cikin jirgin ruwan Marianne da ya nufi Gaza don karya takunkumin da aka ƙaƙaba mata, sojojin Isra'ila suka tare jirgin, suka tsare shi, sannan suka mayar da shi Faransa. Ya kafa sabuwar jam'iyya a ƙarshen shekarar, amma farin jininsa ya dushe: a zaɓen 2019 kusan kashi 3 cikin 100 kawai ya samu. Kais Saied, malamin dokar tsarin mulki, shi ya lashe zaɓen.

Ranar 25 ga Yulin 2021 Shugaba Saied ya kori firaminista, ya dakatar da majalisa, daga baya ya rushe ta, ya kuma kawo sabon kundin tsarin mulki a 2022 a madadin na 2014. Ya ce ya yi haka ne don ceto ƙasa daga cin hanci da rikicin jam'iyyu, kuma a farko jama'a da yawa, waɗanda tsadar rayuwa da annobar korona suka gallaba, sun goyi bayansa. Marzouki yana cikin na farko da suka kira matakin juyin mulki. Daga Paris ya nemi Faransa ta daina mara wa gwamnatin baya, ya kuma nuna jin daɗinsa da ɗage taron ƙasashe masu amfani da harshen Faransanci da aka shirya yi a tsibirin Djerba.

Saied ya ba da umarnin a janye fasfonsa na diflomasiyya. A watan Nuwamba aka fitar da sammacin kama shi na ƙasa da ƙasa, ranar 22 ga Disambar 2021 kuma kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 4 bisa laifin yi wa tsaron ƙasa zagon ƙasa daga waje. A watan Fabrairun 2024 aka ƙara masa shekara 8, a Yunin 2025 aka sake yanke masa 22. Ya yi watsi da hukunce-hukuncen duka, yana cewa na siyasa ne, hukumomi kuwa sun nace cewa kotuna suna aikinsu ne ba tare da katsalandan ba. Ghannouchi yana tsare tun watan Afrilun 2023. An kama Bensedrine a 2024, aka sake ta a farkon 2025.

Ra'ayi a kansa ya rabu a Tunisiya. Magoya bayansa suna ganin mutum ne da ya kare fursunonin da kowa ya guje su, ya kuma sauka daga mulki ba tare da an zubar da jini ba. Masu adawa da shi suna ganin ya buɗe wa Ennahda ƙofa, ya kasa magance rashin aikin yi da ya haifar da juyin, kuma yana kiran ƙasashen waje su sa baki a al'amuran cikin gida. Ben Ali, wanda shi ma kotunan Tunisiya suka yanke wa hukunci a bayan idonsa, ya rasu a Jidda a watan Satumban 2019 ba tare da ya sake taka ƙasarsa ba. Marzouki ya cika shekara 80 a watan Yulin 2025, yana ci gaba da rubutu da hira da kafafen yaɗa labarai daga Faransa, kuma matuƙar hukunce-hukuncen nan suna nan, komawarsa gida na nufin shiga kurkuku.